Ɗigon da Na Share a Agogon Babanki

Zuwa ga Tahani 'yar gwanin gyara Usta Abdus-Sabur, sanyin idona, fitilar ɗakin zuciyata, iskar da ke tasowa daga kogin Nilu da la'asar ta tarar da mutum ya gama galabaita ta mayar masa da ransa. Ya ke inuwar dabino ga wanda ya taka duwatsun Aswan da tsakar rana, ya ke ruwan tulu a bakin mai azumi, ya ke wadda fushinta ma ya fi mini murmushin matan garin nan kaf, har da waɗanda na ɗauka hoto cikin kwalliyar aure: gaisuwa gare ki, da ban haƙuri, da kuma albishir.

Yau kwana goma sha tara ba ki ɗaga wayata ba, kuma ban ga laifinki ba. Shi ya sa na koma ga takarda, don na san 'yar Usta ba ta yar da takarda sai ta karanta, ko da wadda aka ƙunso gyaɗa a ciki ce. Kin ce kada in sake taka ƙofar gidanku sai na san daga ina ɗigon hasken nan yake fitowa. To na sani, Tahani. Na san shi ciki da waje, kuma ranar Juma'a ina tafe, ni da mahaifiyata da kawuna da farantin basbusa, kek ɗin nan mai zaƙi da ake kaiwa gidan surukai, kafin baffanki ya hau jirgi ranar Asabar ya koma wurin aikinsa ya bar mu shekara guda babu mai karanta mana Fatiha. Shekara guda ba tare da ke ba? Wa ya gaya miki ina da irin wannan haƙurin?

Amma bari in fara daga ranar da na tafka wautar, don kada ki ce na tsallake wurin da yake da ciwo.

Ranar Talata ce da azahar, kin tuna. Muka rataya barguna uku a tagogin falonku don mu kori rana, tunda ba a ɗaukar hoton abu mai haske a cikin haske. Mahaifiyarki Hajja Ni'imat tana kusurwa da tiren lalo a cinya, tana tsinka tana mita: "Ku dai 'yan zamani sai addu'a. Allah ya ba ku rana kyauta kun toshe ta, kun bar ni ina tsinkar ganye a duhu kamar ɓera." Ke kuma kika ɗauko agogon daga kan kabad da hannu biyu, kamar mai ɗauko jariri, kika ajiye a tebur. Akwatin katako da Usta ya sassaƙa da hannunsa, da ƙwai huɗu na gilashi a tsaye a kansa, kowanne bai fi babban yatsa ba, waɗanda ya tsinto tun yana saurayi daga tsofaffin na'urorin Rasha da aka yi gwanjonsu bayan sun gama aiki a madatsar ruwan Aswan. A cikin kowane ƙwai lambobi goma ne na siririyar waya, an jera su ɗaya a bayan ɗaya daga sifili zuwa tara, wadda wuta ta shiga ita ce ke kamawa. Sai kika jona shi.

Ina ma ina da bakin da zan faɗa miki abin da na gani. Lambobin suka kama ja kamar garwashin da aka hura, hasken ya hau kan yatsunki, ya bi wuyanki, ya zauna a kumatunki. Shekara goma sha ɗaya ina sana'ar hoto, na haska amare sun fi dubu da fitilu manya da ƙanana, ban taɓa ganin hasken da ya san fuskar mutum irin yadda wannan ya san taki ba. Da ma ai tare kuka girma. Na tsaya riƙe da kyamara na manta me ya kawo ni, sai da Hajja ta yi gyaran murya.

A daidai lokacin ne kika yi maganar da ya kamata in rubuta a tafin hannuna. Kika ce, "Midhat, ka ɗauka mini shi yadda yake. Akwai wani abu da idona ke gani a ƙwan ƙarshe, yana zuwa yana ɓacewa, na kasa kama shi. Kyamara za ta fi ni haƙuri." Na ce to. Wallahi na ce to, amma kunne kawai ya ji, hankalin yana can kan kumatunki. Na san ke injiniya ce da ke buɗe cikin na'urorin asibiti kullum ba tare da hannunki ya yi rawa ba, na kuma san tun rasuwar Usta bara kin rantse ba za ki kwance ko ƙusa ɗaya a agogon nan ba. Da na haɗa waɗannan biyun da na gane cewa ba hoton ado kike nema ba, ido kike aro. Ban haɗa ba.

Na kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, na kashe filasha, na riƙa barin idonta a buɗe daƙiƙa huɗu-huɗu don ya sha hasken a hankali. Kina tsaye a gefena kina ƙirga mini daƙiƙu a ƙasan murya don kada minti ya juya a tsakiyar ɗauka lambobi biyu su hau kan juna. Muka hana Hajja motsi saboda tebur na girgiza, ta ce ita da ta haifi injiniya yau an mai da ita gunki. Hoto ɗari da sittin da uku na ɗauka, ta gaba, ta gefe, ta baya. Na ƙarshe ke ce, kin jingina haɓarki kusa da akwatin kina kallon lambobin, ba ki ma san na danna ba. Idan aka ce in zaɓi awa ɗaya a rayuwata in sake maimaita ta, wannan zan zaɓa, da zafin bargunan da mitar Hajja da komai.

Sai na koma shago, na zauna a gaban kwamfuta, sana'ata ta ci amanata. Kin san aikinmu. Amarya ta zo da ƙurji a goshi in share, ango ya zo da tumbi in rage masa, uwar ango ta zo da shekara sittin in mayar da ita arba'in ta tafi tana sa mini albarka. Hannuna ya saba har ya riga tunanina. Na buɗe hoton da ya fi kyau, ƙarfe biyu da minti ashirin da ɗaya, sai ga wani ɗan ɗigon haske a ƙwan ƙarshe, can ƙasa da lambar, inda bai kamata a ga komai ba. Bai kai ƙwayar riɗi ba, ja ne da ɗan shuɗi-shuɗi a gefensa. Na ce wannan ƙura ce, na taɓa shi sau ɗaya ya ɓace. Na buɗe hotonki, na ga ɗan tabon da ke gefen haɓarki, na taɓa shi shi ma. Na sa su a firam mai kyau, na taho gidanku bakina har kunne, ina jiran yabo.

Kika duba na agogon, kika daɗe kina dubawa.

"Ina ɗigon?"

"Oh, wannan? Na share miki shi. Ai ba na barin datti a aikina."

Kika ɗauki na biyun, kika kalla, kika kai yatsa haɓarki.

"Wannan kuma wace ce?"

"Ke ce mana, ranki ya daɗe."

"Ban san ta ba. Kyakkyawa ce dai, ka je ka nemi aurenta." Sannan kika miƙo mini su biyun, muryarki ko rawa ba ta yi. "Ina shekara tara dalma ta ɗigo mini a nan, na leƙa ta ƙarƙashin hannun Babana yana haɗa agogon nan. Shi ya yi kuka, ni ban yi ba. Ka ce wa Mamanka kada ta wahalar da kanta zuwa neman aure ranar Juma'a. Randa ka san daga ina ɗigon yake, ka zo. In ba ka sani ba, amare ba su ƙare a gari ba, ka ci gaba da goge su."

Na sauko matakalar gidanku ban san da wace ƙafa na taka ba. Kwana biyu ina fushi, ba zan ɓoye miki ba, ina cewa a raina mutum ya yi gyara a ce ya yi ɓarna. A rana ta uku na farka na gane cewa ni ne mutumin da aka ba shi amanar gani ya rufe ido, kuma kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba tun da na girma. Na yi kewarki har abinci ya daina yi mini ɗanɗano. Amma ki san wani abu game da mai son ki: yana da taurin kai daidai da naki, kuma bai taɓa jefar da asalin hoto ba. Duka ɗari da sittin da ukun suna nan yadda kyamara ta gan su.

Na rufe shago da rana tsaka, na fara bin su ɗaya bayan ɗaya. Da farko kaina na zarga, tunda na koyi darasi. Gilashi mai lanƙwasa maƙaryaci ne, duk abin da ke ɗaki sai ya ɗauko ya manna a jikinsa: farar rigata, agogon hannuna, ko ramin da sigarin baffanki ya huda a bargon tsakiya wanda rana ke leƙowa ta ciki. Amma da hasken waje ne ya faɗo a kan gilashin, da ya fito a kowane hoto, ko wace lamba ce ke ci. Bai fito ba. Na ce ko shatin yatsa ne, sai na tuna kin goge ƙwayayen da bakin gyalenki har sau biyu ina kallo. Na ce ko cikin idon kyamarar ne hasken ya yi tsalle, kamar yadda yake yi idan an fuskanci fitila, to amma irin wannan yana bin kyamara duk inda ta juya, shi kuwa naki na ɗauke shi ta hagu na ɗauke shi ta dama yana nan daram a wurinsa. Ashe ba a waje yake ba, a cikin ƙwan yake.

Da na jera hotunan bisa ga lokaci sai na ga abin da ya sa idonki ya kasa kama shi. Ba ya fitowa sai lambar ɗaya ta kama. Da minti ya juya zuwa biyu sai ya ɓace, ya ɗan leƙo kaɗan a bakwai, ya sake ɓuya sai ɗaya ta zagayo. Minti ɗaya cikin goma, Tahani. Na yi tsalle a shago ni kaɗai har mai shayin da ke maƙwabtaka ya leƙo ya tambaya ko lafiya.

Daga nan ilmina ya ƙare, sai na ɗauki hotunan na nufi bayan kasuwa wurin Ammu Girgis mai kayan rediyo, aminin babanki na shekara arba'in. Ashe labari ya riga ni. Tun daga nesa ya ɗago tabarau ya ce, "A'a, ga mai goge amare. Shigo, ɗana, amma kar ka taɓa komai, ƙurar shagon nan ta girme ka, ina son abata." Na haɗiye, na zauna, na sha shayinsa mai ɗaci har kwana shida a jere. Ya koya mini abin da ba a makaranta. Ya ce akwai 'yar zaiba a cikin irin waɗannan ƙwayaye, ita ce ke sa kyamara ta ga wani shuɗin hazo kewaye da lamba, amma wannan a kowace lamba yake, ba ya zaɓe. Ya ce lambar da aka daɗe ba a kunna ba takan yi tsatsar kanta, sai ta kama rabi ta bar rabi, amma wannan duhu ne a inda ake son haske, naki kuwa haske ne a inda ake son duhu. Sannan ya jawo wata tsohuwar gwangwanin alewa, ya fito da ƙwai ɗaya irin na Usta, ya ce, "Zo ka gani da idonka, tunda kunnenka an ce ba ya aiki."

Muka shiga ƙuryar shagon muka ja labule. Ya jona ƙwan, ya kunna lambar ɗaya, ya ba ni wani maɓalli ya ce in riƙa murɗawa a hankali ina ƙara wuta. A nan ne na kai yatsa inda bai kamata ba, wutar ta fizge ni har na kira sunan kakata. Ammu Girgis ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Madalla, yanzu ka zama ɗan gida, Usta ma haka take gaishe shi." Na sake murɗawa. Lambar ta ƙara haske, ta ƙara, ta cika, sai kawai na ga hasken ya zubo ƙasa ya kama siririyar ƙafar wayar da ke riƙe da lambar. Ga ɗigonki nan, a wurinsa, da launinsa. Wuta ce ta yi yawa. Ɗaya ita ce mafi ƙanƙantar lambobi, ba ta da jikin da za ta ɗauke wutar duka, sai ragowar ta malala, kamar a juye butar shayi a ƙaramin kofi ya zuba a faranti. Bakwai ke bi mata a sirantaka, shi ya sa take ɗan leƙowa. Takwas kuwa mai jiki ce, tana shanye abinta.

Na san abin da za ki ce. Za ki ce wannan ai kin zarga tun tuni, kuma na yarda, injiniya irinki ba ta buƙatar mai hoton biki ya gaya mata wuta ta yi yawa. Abin da ya hana ki yarda shi ne kin san Usta ba ya kuskuren lissafi. Kina da gaskiya, sanyin idona. Bai yi kuskure ba.

Ki gyara zama a nan, ki kira Hajja kusa da ke idan kina so.

Cikin hotunan akwai uku da na ɗauka ta bayan akwatin, ba don komai ba sai don sassaƙar ta burge ni. Akwai 'yan tsagogin shan iska a wurin, kuma da na buɗe hoton na ƙara girmansa har iyaka, sai ga cikin agogon ya bayyana ta tsakaninsu. Kowane ƙwai yana da resista tasa, 'yar abar nan kamar ƙwayar shinkafa mai zoben launi da ke rage masa ƙarfin wuta. Uku iri ɗaya ne, ja da ja da ruwan lemo, kuma dalmar da aka liƙe su da ita 'yar ƙarama ce sumul tana ƙyalli, aikin Usta da kowa ya sani. Ta huɗun daban take, ruwan ƙasa da baƙi da ruwan lemo, wadda ke sakin wuta fiye da ninki biyu. Dalmarta kuwa dunƙule ce, ta karkace, kuma akwai ƙuna a jikin katakon kusa da ita, inda ƙarfen ya kauce daga hannun mai riƙe da shi.

Na wanke hoton na kai wa Ammu Girgis. Ya duba, ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake dubawa. Can ya ce, "Wata biyu kafin ya rasu ya zo nan. Ya ce in ba shi resista huɗu, ƙanana. Na zuba masa a tafi, sai ya miƙo mini ya ce, Girgis, karanta mini launin nan, ƙura ta shigar mini ido. Babu wata ƙura, ɗana. Mutumin da ke karanta launi daga ƙofar shago. Na ce Abdu, me ke faruwa? Ya ce lambobin agogo sun dushe masa, yana so ya ƙara musu wuta ya riƙa ganin lokacin salla ba sai ya tambayi kowa ba. Na ce ka faɗa wa yarinyar mana ta kai ka likita. Ya ce injiniya tana da jarrabawar ƙarin girma a gabanta, in na faɗa mata ba shi ba ni." Ya juya kofin shayinsa. "Na yi masa alkawari ba zan faɗa mata ba. Ban yi masa alkawarin ba zan faɗa wa sakaran da zai aure ta ba."

Ga amsarki, Tahani. Idon babanki ne ya fara tafiya, ya ɓoye miki don kada hankalinki ya rabu biyu. Ya buɗe agogon shi kaɗai, ya canza guda ɗaya da lalube, ya ji a hannunsa irin aikin da ya yi, kuma ina jin girman kansa na Usta bai bar shi ya yi wa sauran ukun haka ba, sai ya mayar da murfin. Ki duba inda yake ajiye ƙananan kayansa, aljihun rigar aikinsa ko gwangwanin da ke cikin durowarsa. Za ki tarar da resista uku, ruwan ƙasa da baƙi da ruwan lemo, ba a taɓa su ba. Ban gan su ba, amma in ba su nan ki ce ban iya kallon hoto ba.

Na kwana biyu ina juya ko in tsaya a kan cewa wuta ce ta yi yawa, in bar sauran a cikina. Da na ci jarrabawar da kika yi mini, da kin buɗe mini ƙofa, da ba ki yi kukan da na san kina yi yanzu ba. Sai na ga ai wannan ma sharewa ce, irin wadda na yi a kwamfuta, sai dai ta fi ta muni. Na daina, ya ke abar ƙaunata. Daga yau abin da idona ya gani shi zan kawo miki, mai daɗi da marar daɗi, ke ki yanke hukunci.

Kuma akwai hukuncin da ke jiran ki. Ammu Girgis ya ce wutar tana cin ƙwan a hankali, in aka bar shi haka shekara ɗaya ko biyu gilashin zai yi baƙi daga ciki ya mutu, kuma masana'antar da ta yi shi ta daɗe da rufewa. Ɗigon da na share gargaɗi ne, da kin karɓi hotona kin rataya a bango da na taya wutar kashe shi. Idan kika buɗe kika canza resistar, ƙwan zai rayu, amma za ki narkar da dalmar ƙarshe da babanki ya ɗiga a duniya. Idan kika bar ta, za ki riƙe dalmar ki rasa hasken. Ba zan gaya miki wanne za ki zaɓa ba, agogonki ne, babanki ne. Abin da zan iya shi ne wannan: in kin yanke shawarar buɗewa, zan zo da kyamara in ɗauki dalmar nan ta kowace fuska, da karkacewarta da ƙunar katakon, kafin ƙarfenki ya taɓa ta, in kuma riƙe miki fitila in yi shiru. A cikin 'yar takardar da na naɗe a kusurwar ambulan akwai resista ɗaya, ja da ja da ruwan lemo. Ammu Girgis ne ya zaɓa, ya ce in gaya miki hannunki irin na Abdu ne kafin ƙura ta shigar masa ido.

Sauran abin da ke cikin ambulan hotuna biyu ne, yadda kyamara ta gan su. Na agogon, ƙarfe biyu da minti ashirin da ɗaya, da ɗigonsa. Da naki. Na ajiye kwafinsa a kan teburina kwana goma sha bakwai ina kallo, kuma ina tambayar kaina wane irin makaho ne ya kalli wannan fuskar ya ga abin gyara. Ashe duk lokacin da kike tunani, nan yatsanki ke zuwa. Ashe idan za ki yi dariya, shi ke fara motsawa kafin leɓɓanki. Waccan da na sa a firam ban san ta ba ni ma, ba ta taɓa gyara mini fitilar shago tana zagin wanda ya ja wayar ba, ba ta taɓa ƙirga mini daƙiƙu a duhu ba. Ke nake so, 'yar shekara taran da ta leƙa ta ƙarƙashin hannun babanta ba ta yi kuka ba, da matar da ta mayar mini da firam biyu muryarta ba ta yi rawa ba. Ina son ki son da ba ya raguwa, kamar yadda kogin nan bai taɓa fasa wucewa ta gaban garinmu ba ko a shekarar da ba a ga ɗigon ruwan sama ba.

Mahaifiyata ta riga ta sayi sabon mayafi, ta ce in na sake ɓata wannan magana kada in dawo mata gida. Kawuna ya goge takalmi. Ban tambaye ki ko in zo ba, don sharaɗi kika gindaya kuma na cika shi, 'yar Usta kuwa ba ta tashin magana. Ranar Juma'a bayan la'asar ki sauko da agogon daga kan kabad, ki ja labule ko da rabi ne, ki zauna kusa da shi. Zan tsaya a ƙasan matakala da mutanena da farantina sai ƙarfe biyar ta cika. Idan ƙwan ƙarshe ya juya daga sifili zuwa ɗaya, ɗigon babanki ya fito, ki saurari ƙofa. Minti ɗaya yake yi, kuma a cikinsa zan ƙwanƙwasa.

Naki, yau da gobe da ranar da idona ni ma zai dushe in miƙo miki tafi in ce karanta mini launin nan, ba kuwa zan ce ƙura ce ba,

Midhat